Digirin Kasuwanci ta Intanet: Kada Takarda Ta Yi Maka Kwantai

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Ina gaida 'yan kasuwar Sabon Gari da na Singa da na Kantin Kwari, ina gaida 'yan canji na Wapa, da ma'aikatan banki da suka tashi daga aiki suka maƙale a cunkoson titin Murtala Muhammad, rediyon mota a kunne. Allah ya ba da kasuwa, ya sa a tashi lafiya.

Yau maganar karatu za mu yi, amma da bakin 'yan kasuwa, domin abin da ke gabanmu ciniki ne.

Kwanakin baya wani matashi ɗan unguwarmu a Fagge, wanda ke riƙe wa mahaifinsa shagon kayan masarufi a Singa, ya tare ni bayan la'asar, ya miƙo mini wayarsa. Talla ce ta faɗo masa a Facebook. Wata mace cikin rigar yaye ɗalibai tana murmushi, a ƙasa an rubuta digiri na biyu a fannin kasuwanci daga Turai, cikin wata goma sha biyu, kana zaune a gidanka, an yafe maka fiye da rabin kuɗin. Ya ce, "Kawu, ka ga wannan? Ai banza ce ta faɗi." Na ce, "To, madalla. In ka karɓo ta, wa za ka kai wa?" Ya yi shiru. Ya san kuɗinta, ya san watannin da za ta ci, bai san mai karɓarta ba.

Wannan digiri shi ne ake kira MBA. A jami'ar Harvad ta Amurka aka fara koyar da shi a 1908, don horar da masu tafiyar da kamfanoni: lissafin kuɗi, tallata haja, sarrafa ma'aikata, tsara dabarun kasuwa. Yau kuwa ya zama ruwan dare. A nan Kano masu nemansa sun haɗa da ma'aikacin banki mai son kujerar manaja, da ma'aikacin sakatariyar Audu Bako mai hangen ƙarin girma, da matar da ke sayar da kaya ta waya daga ɗakinta, da 'ya'yan attajirai da za su gaji shaguna. Mafi yawansu ba za su iya barin aiki ko shago su koma aji ba. Shi ya sa intanet ta yi musu daɗi, shi ya sa kuma masu talla suka gano su.

Mai sauraro, kai ka fi ni sanin kwantai. Ɗan Kwari ba ya saro dila ɗari ta wata atamfa don kawai an karya masa farashi. Sai ya tambayi kansa: wa ke sa irin wannan zane? Mutanen Maraɗi ne ko na Maiduguri? Ta biki ce ko ta salla? In babu amsa, komai arahar kayan, uwar kuɗinsa ce zai kwantar a sito tana shan ƙura. Takardar digiri haka take. Kafin ka saurari mai sayar da ita, je ka saurari mai karɓarta.

Kuma masu karɓar ba halinsu ɗaya ba. In gwamnati za ka kai wa, ko wata jami'ar Najeriya, to ita tambayarta guda ce: hukuma ta san da makarantar nan? A cikin gida, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke ba jami'a lasisi, ita ke tantance kowane kwas, ita kuma ke cewa wannan jami'a an yarje mata ta koyar daga nesa. Ku lura da wannan na ƙarshen. Jami'a tana iya zama halastacciya, amma ba a ba ta izinin karatun nesa ba, ko an ba ta a wani fanni ba a ba ta a wani ba. Hukumar kan fitar da jerin jami'o'in da ta amince da su, har da jerin na bogi, kuma duk suna shafinta na intanet, kyauta. Digirin ƙasar waje kuwa, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ce ke duba shi ta ce ya yi daidai da namu ko bai yi ba. Hukumomin nan sun daɗe suna ɗari-ɗari da digirin waje da aka yi shi kacokan ta intanet. Saboda haka in aikin gwamnati kake, rubuta wa ma'aikatar ka tambaya, ka kuma nemi izinin karatu daga wurin aikinka a rubuce, tun kafin kobonka ya fita. Na san waɗanda suka gama karatu tsaf, suka kawo takarda, sashen kula da ma'aikata ya ce ba da saninsa aka tafi ba.

Ba tsoratar da ku nake ba, abin ya faru a idonmu. A ƙarshen Disambar 2023 jaridar Daily Nigerian ta buga binciken ɗan jarida Umar Audu, wanda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, bai zauna aji ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Janairun 2024, gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo. A watan Agustan wannan shekarar ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sama da 'yan Najeriya dubu 22 ne ke yawo da takardun jabu daga ƙasashen biyu. Abin tausayi a ciki, har wanda ya je can ya yi karatunsa da gaskiya sai da ƙurar ta shafe shi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Masu sayar da takardun ba su ci kasuwa ba sai da suka sami masu son banza.

Masu sayar da magani, waɗanda aka tasa daga Sabon Gari zuwa Dangwauro, sun san abin da nake nufi. Kwalin magani yana iya sheƙi, da tambari, da rubutun Turanci mai kyau, amma mai hankali lambar NAFDAC yake nema, kuma ba ya tsayawa ga ganinta a jikin kwali, domin ita ma ana buga ta jabu. Haka makarantun nan. Kowace za ta ce maka an tantance ta. Tambayar ita ce, wa ya tantance ta? A Amurka, alal misali, ba gwamnati ce ke tantance jami'a da kanta ba, ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, sai ma'aikatar ilimin ƙasar ta fitar da sunayen ƙungiyoyin da ta yarda da su. Mayaudara sun gane wannan, sai su kafa makaranta, su kuma kafa ƙungiyar da za ta tantance ta, kura ce ta ba kura shaida. Rajistar kamfani ma daban take da izinin ba da digiri. Takardar da ke cewa an yi wa makaranta rajista a Landan tana iya zama irin rajistar da ake yi wa kamfanin sayar da takalma.

In kuma babban kamfani kake nufi, ko aiki a ƙetare, to su wani tambarin suke dubawa. Akwai tambura uku da suka yi fice wajen auna makarantun kasuwanci: AACSB na Amurka, AMBA na Ingila, da EQUIS na Turai. A Najeriya Makarantar Kasuwanci ta Legas ta samu amincewar AACSB a 2016. Irin waɗannan makarantu ba sa bin mutum da kira dare da rana suna cewa ragin kuɗi zai ƙare Juma'a. Duk mai hajar da ya riƙe maka riga, ka sake duba hajar.

(Gajeren kiɗa)

To, mu zo kan kuɗi, inda 'yan Wapa za su gyara mini in na yi kuskure.

A Amurka, idan aka ce digirin kasuwanci na intanet mai araha daga jami'a mai suna, misalin da ake bayarwa shi ne na jami'ar Ilinoi, wanda aka fara a 2016 tare da dandalin Coursera, da na jami'ar Boston da ya biyo baya a 2020. Kowannensu wajen dala dubu 25 ne. A wurinsu araha ce, domin zama a aji a manyan makarantunsu ya ninka haka sau da yawa. Yanzu mu kawo shi gida. A kan naira 1,500 kowace dala, naira miliyan 37 da rabi ke nan. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70, in bai ci ba bai sha ba, sai ya yi sama da shekara 44 yana tarawa. Arahar wani, tsadar wani.

Akwai waɗanda ba su kai haka ba nesa ba kusa ba. University of the People, wadda aka kafa a 2009, ba ta karɓar kuɗin koyarwa, amma tana karɓar kuɗin jarrabawa a kan kowane kwas, da dala. Nexford, mai mazauni a Washinton, wadda 'yan Najeriya da yawa ke ciki, wata-wata ake biyanta. To amma duk abin da aka sa wa farashi da dala, ba kai ke riƙe da linzaminsa ba. Ku tuna, a farkon 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a Wapa kuma wajen 750. A watan Yunin shekarar Babban Banki ya saki naira, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Mu ɗauka mutum ya fara karatu yana biyan dala 200 a wata. Da ya fara, naira dubu 150 yake kaiwa Wapa. Kafin ya kai rabin karatun, dubu 300 ake nema, albashi kuwa yana nan inda yake. Mutane da dama haka suka ajiye karatu a tsakiya, kuma rabin digiri ba shi da kasuwa, ko gwanjo ba a yin sa. In za ka yi lissafin karatun dala, ka yi shi a kan farashin da ya fi na yau muni, ka ga ko za ka iya kaiwa ƙarshe.

Sannan ga kuɗin da ba a rubutawa a talla. Data, wadda a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta amince a ƙara kuɗinta da na kira har kashi 50 cikin ɗari. Wuta, wadda ba sai na yi muku bayani ba. Ko man janareto ko sola. Kwamfuta ta kirki, domin ba a rubuta aikin shafi ashirin da babban yatsa a waya. Kuɗin fom, kuɗin jarrabawa, kuɗin fitar da takardar sakamako, kuɗin aiko da shahada. Sai kuma lokaci, wanda ya fi su duka tsada. Makarantar da ke tsakiyar Amurka in ta sa darasin kai-tsaye ƙarfe 7 na yamma, a Kano ƙarfe 1 ko 2 na dare ne. Ka tashi asuba, ka buɗe shago, ka yi ta ciniki har magariba, wane ido ya rage maka? Tambayi ko ana naɗar darasin, ko akwai zaɓin lokaci. 'Yar'uwa mai goyo, ke ma wannan tambayar taki ce.

Na gida fa? Ba a rasa ba, kuma da naira ake biya, wanda ba ƙaramin kwanciyar hankali ba ne. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shagari, soja suka dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo, kuma tana da cibiya a nan Kano, a Sauna ta wajen Dakata. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa da ke ba da MBA. A 2023 an ba wasu buɗaɗɗun jami'o'i masu zaman kansu lasisi, cikinsu akwai Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato. Wanda kuma zai iya zama a aji, ga makarantar kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero, wadda aka buɗe gininta a 2018. Ban zo tallar kowa ba. Farashi yana canzawa duk shekara, ka je ka ji da kunnenka, zuwa da kai ya fi aike. Ka kuma nemi wanda ya gama can, ka tambaye shi abin da talla ba ta faɗa: malamai suna amsa saƙo? Sakamako yana fita a kan kari? Bayan ka gama, wata nawa kafin takarda ta zo hannu?

Abu biyu a gurguje. Mai babbar difloma ta HND, ko mai digiri da sakamako mai rauni, yawanci sai ya bi ta diflomar bayan digiri, PGD, kafin a ɗauke shi, kuma za a nemi takardar bautar ƙasa. Na biyu, in burinka koyarwa a jami'a da digirin digirgir, ka sani yawancin jami'o'inmu suna ɗaukar MBA a matsayin digirin ƙwarewar aiki, hanyar bincike kuwa ta MSc ce. Kada ka hau motar Katsina kana nufin Zariya.

(Gajeren kiɗa)

Saura reshen da za ka ƙware a kai. Nan ma na ga ana bin yayi. Bana kowa harkar sarrafa bayanai da kwamfuta, baɗi kowa wani abu. Ni shawarata, ka duba inda kuɗi ke zurarewa a aikin da kake yi yanzu, can reshenka yake.

Ɗauki mai shigo da kaya. Kwantena ta taso daga Sin, ta sauka Apapa ko Onne, ta kwana tana tara tara a tasha, a yi fama da kwastam, a ɗora wa tirela ta yi tafiyar kilomita wajen dubu zuwa Kano, a sauke a sito, wani kayan ya lalace, wani ya yi kwantai, wani ya ƙare ana tsakar nemansa. Kowane mataki kuɗi ne. Akwai reshe guda da aikinsa ke nan, ilimin safara da ajiya da rarraba kaya, kuma a ganina babu garin da ya fi Kano buƙatarsa. Ga tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023, ga layin dogo da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi. Yaron da ya iya lissafin sau nawa jarinsa ke juyawa a shekara, ya kuma san ranar da ya kamata ya sake oda kafin sito ya bushe, ya fi wa mahaifinsa amfani da wanda ya haddace tarihin kamfanonin Amurka.

Sai harkar kuɗi ta Musulunci. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, kuma Kano na cikin garuruwan da ya fara buɗe reshe. TAJ ya biyo a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari na Musulunci, a 2017 don gina hanyoyi. Jami'ar Bayero tana da cibiya sukutum ta wannan fanni, a Malesiya kuma akwai jami'ar INCEIF da babban bankin ƙasar ya kafa. Wanda ya karanta babin ciniki na Risala a zaure, ya san murabaha da ƙiradi, rabin hanya ya riga ya ci, abin da ya rage masa lissafin zamani da dokokin Babban Banki. A nan ne kuma ake koyon takaful, inshorar da ta dace da shari'a. Duk wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016, da ta lashe dubban shaguna cikin dare guda, ba ya buƙatar a yi masa wa'azin wannan. Wanda littafin bashinsa ke cikin shago, kaya da shaidar bashi tare suka tafi.

Tallata haja ya dace da mai sayarwa ta waya. Kula da ma'aikata na mai aikin ofis ne. Mai son zama akanta kuwa, jarrabawar ICAN ko ANAN ce ƙofarsa, MBA ba ta maye gurbinsu. Kuma ka duba da kyau, a makarantu da yawa reshen da ake ta kururutawa kwas uku ne ko huɗu a ƙarshen karatu, sauran duk ɗaya ne da na kowa. Nemi jerin kwasa-kwasan ka ƙirga da yatsa.

Akwai kuma mai karɓa na uku da ban ambata ba: kai kanka. In shagon naku ne, babu wanda zai taɓa ce maka kawo takarda. Alhassan Ɗantata, da ya rasu a 1955, fataucin goro daga Gwanja da cinikin gyaɗa suka yi shi. Maƙwabtanmu Ibo a Sabon Gari, yaro zai yi shekaru a ƙarƙashin maigida yana koyon kayan gyaran mota ko na lantarki, a ƙarshe a sallame shi da jari; a 2021 mujallar kasuwanci ta Harvad ta buga maƙala a kan wannan tsari nasu. Mu ma a Kwari haka yaron shago ke zama maigida. Amma kada wani ya ce na ce karatu ba shi da amfani, domin tattaɓa-kunnen Ɗantatan ne, Alhaji Aliko Ɗangote, ya gina wa Jami'ar Bayero makarantar kasuwanci. Shago ɗaya ana riƙe shi da ka. Shago biyar da sito uku da yara talatin da bashin banki da jami'an haraji, kai ba ya ɗauka, sai da tsari a rubuce. Abin da nake cewa, in ilimin kake so ba takardar ba, gwada gajeren kwas na wata biyu ko uku a lissafin kuɗi ko kula da sito, wasu ma kyauta ne. A nan za ka gane ko kai mai iya karatu ne kai kaɗai da dare, ba malami a kanka, ba abokin da zai ce tashi mu tafi. Ba kowa ke iyawa ba, kuma ba abin kunya ba ne. Zaman aji yana da wata riba da intanet ke wahalar bayarwa, wato jama'a. Wanda kuka zauna benci ɗaya da shi shekara biyu, gobe shi ne manajan bankin da za ka je neman jari.

Ɗan namu na Singa, mun sake haɗuwa ranar Juma'a. Ya nemi sunan makarantar tallar nan a jerin jami'o'in da ƙasar da take ikirari ta amince da su, bai same ta ba. Sun kira shi sau shida, ya daina ɗauka. Ya je Sauna ya karɓo bayani, ya tambayi wani da ya gama na Zariya, har yanzu dai bai yanke ba. Mahaifinsa ya ce zai biya, da sharaɗi guda: kafin a sayi fom, ya kwashe littattafan bashin shago na shekara uku ya shigar da su kwamfuta, a ga wa ke bin wa. Ya ce mini ya kai rabin littafi na biyu, kuma ya riga ya gano buhun sukari arba'in da ba wanda ya tuna an ba da su.

Lokaci ya cim mana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, inda za mu duba rajistar sunan kasuwanci da abin da take amfana wa ƙaramin ɗan kasuwa. A huta lafiya. Wassalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)